Bannockburn, 1314: Yadda Dakarun Ƙasa Suka Karya Dawakin Ingila

A ranakun 23 da 24 ga watan Yuni na shekarar 1314, a bakin wani rafi da ake kira Bannock, kimanin mil biyu kudu da garin Stirling, rundunar Sarki Robert Bruce na Sikotland ta gwabza da ta Sarki Edward na Biyu na Ingila. Masana tarihi na yau suna ƙiyasta cewa Bruce yana da mayaƙa 6,000 zuwa 8,000, kusan dukansu a ƙasa suke da dogayen masu a hannu, alhali Edward ya zo da aƙalla ninkin wannan adadi, ciki har da barade masu sulke sama da 2,000 a kan manyan dawaki. A Turai ta wancan zamani an ɗauka cewa idan barade suka saki linzami, suka nufo talaka da ke tsaye da ƙafarsa, to magana ta ƙare. Amma kafin rana ta faɗi a yini na biyu, Sarkin Ingila yana kan doki yana neman tsira da ransa. Jarumta kaɗai ba za ta bayyana wannan ba, domin akwai jarumai a kowane ɓangare. Abin da ya raba gardama shi ne wanda ya zaɓi filin, da abin da kowanne daga cikin sarakunan biyu ya koya daga faɗace-faɗacen da suka gabata.

Rikicin ya samo asali ne daga gadon sarauta. A watan Maris na 1286 Sarki Alexander na Uku na Sikotland ya faɗo daga doki da dare kusa da Kinghorn ya mutu, kuma magajiyarsa ɗaya tilo, wata jikarsa ƙarama mai suna Margaret da ke Nowe, ta rasu a 1290 a kan hanyarta ta zuwa karɓar sarauta. Mutum 13 suka fito neman gadon, sai manyan ƙasar suka gayyaci Edward na Ɗaya na Ingila ya raba musu gardama. Shi kuwa ya ga faɗuwa ta zo daidai da zama: ya ce ba zai yanke hukunci ba sai an amince cewa shi ne uban gidan duk wanda za a naɗa. A 1292 ya zaɓi John Balliol, sannan ya riƙa wulaƙanta shi kamar bara. Da mutanen Sikotland suka ƙulla ƙawance da Faransa a 1295, Edward ya ɗauko yaƙi a 1296, ya yi wa garin Berwick kisan kiyashi, ya tuɓe Balliol, ya kuma ɗauke dutsen Scone da ake zaunar da sarakunan ƙasar a kansa ranar naɗi, ya kai shi Westminster.

Duk wanda yake so ya fahimci abin da ya biyo baya sai ya fara da taswira. Kogin Forth da fadamun da ke gefensa sun kusa raba Sikotland gida biyu, kuma gadar Stirling ce babbar mashiga tsakanin kudu da arewa. A saman wani tsauni mai tsananin gangara, daidai inda ake hangen gadar, akwai kagara ta dutse. Wanda ya riƙe wannan kagara ya riƙe maƙogwaron ƙasar. A nan ne ranar 11 ga Satumba 1297 jagororin mayaƙan Sikotland, William Wallace da Andrew Moray, suka bar wani ɓangare na rundunar Ingila ya tsallako siririyar gadar, sannan suka auka masa kafin sauran su iso. Shekara guda bayan haka, a Falkirk, reshe ya juye da mujiya. Wallace ya jera mutanensa cikin abin da suke kira shiltiron, wato mayaƙa ɗaruruwa su cure wuri guda kafaɗa da kafaɗa, tsinin masunsu masu tsawon kimanin ƙafa 12 yana kallon waje ta kowace fuska kamar bushiya, yadda doki ba zai yarda ya faɗa ciki ba. Tsarin ya tare dawaki, amma a tsaye yake cik ba ya motsi, don haka Edward na Ɗaya ya janye baradensa ya sa 'yan baka suka yi ta ruwan kibau har sahun ya yi giɓi, sannan dawaki suka shiga ta giɓin. Darasin Falkirk a fili yake: mashi yana maganin doki, kibiya tana maganin mashi, matuƙar an ba ɗan baka lokaci da sarari.

Robert Bruce bai hau sarauta da hannu mai tsabta ba, kuma bai kamata a ɓoye wannan ba. Ya taɓa yi wa Edward na Ɗaya mubaya'a, ya kuma sauya sheƙa fiye da sau ɗaya. Ranar 10 ga Fabrairu 1306 ya daɓa wa babban abokin hamayyarsa John Comyn wuƙa a cikin coci a Dumfries, abin da ya jawo Paparoma ya fitar da shi daga cikin mabiya cocin, ya kuma mayar da dangin Comyn da magoya bayansu abokan gabarsa na har abada. An naɗa shi sarki a Scone a watan Maris, aka murƙushe rundunarsa a Methven a watan Yuni. An kama ƙannensa uku aka kashe, aka tsare matarsa Elizabeth da 'yarsa Marjorie a Ingila, aka sa 'yar'uwarsa Mary cikin keji. Daga wannan masifa ya fito da wata dabara dabam. Ya daina tarar Ingila a fili, ya koma yaƙin sari-ka-noƙe: kwanton ɓauna, farmakin dare, ƙone amfanin gona a gaban abokan gaba don yunwa ta kore su. Sa'a kuma ta zo masa a watan Yuli 1307, lokacin da Edward na Ɗaya ya mutu a kan hanyarsa ta zuwa arewa, ya bar gadon ga ɗansa Edward na Biyu, wanda ya shafe shekarunsa na farko yana rigima da manyan hakimansa a kan wani na hannun damansa, Piers Gaveston, wanda hakiman suka kashe a 1312.

Cikin wannan sarari Bruce ya gama da maƙiyansa na cikin gida, sannan ya juya kan kagarun da Ingila ke riƙe da su. Ba shi da manyan na'urorin rusa ganuwa, saboda haka ya dogara da tsanin igiya da duhun dare. Perth ta faɗi a Janairu 1313, inda shi da kansa ya ratsa ruwan ramin da ya kewaye garin. Daga cikin manyan mayaƙansa, James Douglas ya ƙwace Roxburgh a Fabrairu 1314, Thomas Randolph kuma ya hau dutsen Edinburgh da 'yan mutane kaɗan a watan Maris. Duk kagarar da ya kama sai ya rushe ta, domin ya san ba shi da mutanen da zai zuba a ciki, kuma ba ya so ta sake zama mafakar abokan gaba. Da aka zo kan Stirling, mai riƙe da ita, Philip Mowbray, ya yi yarjejeniya da Edward Bruce, ƙanen sarki, cewa idan rundunar Ingila ba ta kawo ɗauki ba zuwa 24 ga Yuni 1314, zai miƙa wuya. Wannan wa'adi ya ɗaure sarakunan biyu. Edward na Biyu ba zai iya barin Stirling ta tafi ba tare da ya zubar da mutuncinsa ba, shi kuwa Bruce an jawo shi kusa da irin karon da ya shekara bakwai yana kauce masa. Sai dai wa'adin ya ba shi abin da ba kasafai ƙaramar runduna ke samu ba: ya san inda abokin gabarsa zai biyo, ya san ranar da zai iso, ya kuma samu makonni yana horar da mutanensa a kan ƙasar da za a fafata.

Rundunar Ingila ta taso daga yankin Berwick ranar 17 ga Yuni, da jerin kekunan kaya masu tsawon gaske a bayanta. Wasu manyan hakimai, musamman Thomas na Lancaster, ɗan'uwan sarki, sun ƙi zuwa da kansu saboda tsohuwar gaba. Saboda ƙurewar lokaci aka riƙa kora mutane da dabbobi cikin zafin bazara, har suka yi tafiyar sama da mil 20 a yini guda daga Edinburgh zuwa Falkirk. Sun iso a gajiye, kuma shugabancin sahun gaba ma ba a daidaita shi ba, domin sarki ya haɗa hakimin Gloucester, Gilbert de Clare, saurayi ɗan shekara 23, da hakimin Hereford, Humphrey de Bohun, wanda yake ganin muƙamin nasa ne ta hanyar gado.

Bruce ya ja daga a wani dajin farauta na sarauta da ake kira New Park, wanda tsohuwar hanyar Stirling ta ratsa ta cikinsa. A gefen hanyar ya sa aka haƙa ƙananan ramuka aka rufe su da ciyawa, don tilasta wa dawaki su bi ta ƙuntataccen wuri. Abin lura shi ne ya ajiye kansa inda dajin zai rufa masa baya idan ya ga dama ya janye, wanda ke nuna cewa har ranar Lahadi 23 ga wata bai gama yanke shawarar tsayawa ba.

Da yammacin wannan rana sahun gaba na Ingila ya tsallako rafin. Wani barde mai suna Henry de Bohun, ɗan'uwan hakimin Hereford, ya hango Bruce a gaban mutanensa, a kan wani ɗan ƙaramin doki, ba shi da mashi sai gatari, da kambin zinariya a kan kwalkwalinsa. Bohun ya saita mashi, ya zuba wa dokinsa ƙaimi. Bruce ya tsaya har sai da ya matso, sannan ya karkatar da dokinsa gefe, mashin ya wuce, ya miƙe a kan likkafa ya sauke gatarin a tsakar kan barden, ya tsaga kwalkwali da ƙoƙon kai, har ƙotar gatarin ta karye. An ce da manyan mayaƙansa suka yi masa faɗa a kan ganganci, abin da kawai ya nuna damuwa a kai shi ne ƙotar da ta karye. Suna da gaskiya, domin da mashin ya same shi, da wuya rundunar ta kwana a wurin. Mutanensa kuwa suka yi kukan kura suka kora sahun gaban baya, har aka kayar da Gloucester daga kan dokinsa.

Karo na biyu na wannan yini bai yi suna kamar na farko ba, amma ya fi shi nauyi. Robert Clifford da Henry Beaumont na ɓangaren Ingila sun ɗauki barade kimanin 300 suka zaga ta gabas da nufin isa kagarar. Randolph ya fito daga daji da mutanensa a ƙasa, ya tare su a fili kusa da cocin St Ninian. Baraden ba su zo da 'yan baka ba, don haka suka yi ta kewaya bushiyar ba su sami ƙofa ba, har takaici ya sa wasu suka riƙa jifa da takubba da kulake. Daga cikin baraden Ingila, an kashe William Deyncourt, aka kama Thomas Gray bayan an soke dokinsa, kuma ɗan wannan Gray ɗin ne daga baya ya rubuta ɗaya daga cikin bayanan yaƙin da ake dogara da su. Daga ƙarshe masu mashin suka taka gaba suka tarwatsa dawakin. Abin da ba a gani ba a Falkirk ke nan: shiltiron da ke tafiya ba tare da sahunsa ya watse ba.

Da dare Edward ya bar hanyar, ya gangara da rundunarsa fadamar da ke gabas, tsakanin rafin Bannock da kogin Forth, inda dawaki za su sami ruwa. Wuri ne mai taɓo da ƙananan magudanai, kuma rafin ta wannan ɓangare yana cika yana janyewa tare da teku. Sun kwashe daren, wanda gajere ne ƙwarai a tsakiyar bazarar arewa, suna fama da tsallakar da dawaki, da yawa ba su cire sulke ba don tsoron farmaki. A cikin wannan dare wani barde ɗan Sikotland da ke tare da Ingila, Alexander Seton, ya sulale ya zo wurin Bruce, ya shaida masa cewa gwiwar rundunar Edward ta yi sanyi, idan ya kai hari da safe zai yi nasara. Shawarar janyewa ta mutu a nan.

Da gari ya waye ranar 24, mutanen Ingila suka ga abin da ba su zata ba: dakarun Sikotland sun fito daga daji suna gangarowa kansu. Da suka matso sai suka durƙusa suka yi addu'a. Mawaƙin tarihi John Barbour, wanda ya rubuta labarin kimanin shekara 60 bayan yaƙin, ya ce Edward ya ɗauka afuwa suke roƙo, sai wani barde da ke tare da shi, Ingram de Umfraville, ya amsa masa cewa afuwa suke nema, amma a wurin Ubangiji. Gloucester ya ba da shawarar a huta yini guda, sarki ya zarge shi da tsoro, shi kuwa cikin fushi ya hau doki ba tare da ya sa rigar da ke ɗauke da tambarin gidansu ba, ya faɗa cikin masun Edward Bruce. Da an gane shi da an kama shi da rai, domin fansar mutum irinsa dukiya ce mai yawa, ga shi kuma matarsa da matar Bruce 'yan'uwan juna ne. Ba a gane shi ba, aka kashe shi.

Daga nan yawan rundunar Ingila ya zame mata kaya. Barde yana buƙatar fili don dokinsa ya ɗauki gudu, amma Bruce ya matso har ya cinye filin, ruwa da taɓo kuma suka hana buɗewa ta gefe. Dawakin da aka soke suka juya da baya suna tattake na bayansu. Dubban dakarun ƙasa na Ingila sun maƙale a bayan dawakinsu, da yawa ba su ko zare takobi ba. 'Yan baka, waɗanda su ne maganin shiltiron, yawancinsu a baya aka bar su, don haka idan suka harba sai kibau su sauka a gadon bayan nasu. Barbour ya ce da wasu daga cikinsu suka samu suka zaga gefe suka fara yin ɓarna, sai Robert Keith na ɓangaren Bruce ya auka musu da mahaya 500 ya watsa su. Bruce ya shigo da rundunarsa ta ajiya, wadda ta haɗa da mutanen tsibiran yamma, aka dinga turawa taki bayan taki. Sannan, bisa ga wannan ruwaya, masu hidimar sansanin Sikotland, wato masu dafa abinci da masu ɗaukar kaya, suka ɓullo daga bayan tudu da mayafai a kan sanduna kamar tutoci, mutanen Ingila suka ɗauka sabuwar runduna ce.

Edward na Biyu ba matsoraci ba ne a fagen fama. Ya yi faɗa har aka kashe dokinsa, kuma da ƙyar hakimin Pembroke da wani barde mai suna Giles d'Argentan suka janye shi, don sun san kama sarki ya fi asarar runduna muni. Da d'Argentan ya ga ya fitar da ubangidansa daga haɗari, sai ya ce shi bai saba gudu ba, ya juya ya koma cikin masu, ya mutu a can. Ganin tutar sarki ta bar fili ya ƙarasa karya sauran. Wasu suka nitse a Forth, wasu suka cushe a kwarin Bannock, inda aka ce gawawwakin mutane da na dawaki sun cika rafin har ana iya tsallakawa a kansu. Edward ya isa ƙofar kagarar Stirling, Mowbray ya gaya masa cewa idan ya shiga za a kama shi tare da ita, tunda dole ya miƙa ta. Sai ya zaga ya nufi Dunbar, Douglas yana bin sawunsa, daga can ya shiga jirgin ruwa ya tsere kudu. Har hatiminsa na sarauta an bari a baya.

Clifford yana cikin manyan da suka mutu, tare da barade masu yawa, kuma ganimar da aka samu a sansanin ba ta misaltuwa. Hereford ya gudu kagarar Bothwell, mai riƙe da ita ya buɗe masa ƙofa, sannan ya miƙa shi ga mutanen Bruce. Da shi aka yi musayar da ta dawo da Sarauniya Elizabeth da Marjorie da 'yar'uwar sarki Christina bayan shekara takwas a tsare, tare da tsohon Bishop na Glasgow, Robert Wishart, wanda ya riga ya makance. Bruce ya mayar da gawar Gloucester da ta Clifford ga danginsu ba tare da neman ko kwabo ba, ya kuma rushe ganuwar Stirling kamar yadda ya yi wa sauran.

Duk da girman nasarar, Bannockburn ba ta kawo ƙarshen yaƙin ba. Abin da ta tabbatar nan take shi ne sarautar Bruce a cikin gida: a watan Nuwamba 1314 majalisar da ta zauna a Cambuskenneth ta ƙwace filayen duk wanda ya ƙi yi masa mubaya'a. Edward kuwa ya ƙi amincewa da shi a matsayin sarki, don haka aka ci gaba da kai hare-hare arewacin Ingila, Edward Bruce ya buɗe wani fagen a Ayalan a 1315 inda aka kashe shi a 1318, shekarar da Berwick ta dawo hannun Sikotland. A Afrilu 1320 manyan ƙasar suka aika wa Paparoma John na 22 wasiƙar nan ta Arbroath, suna cewa muddin mutum 100 daga cikinsu suna numfashi ba za su yarda da mulkin Ingila ba, kuma ko Bruce ne ya nemi miƙa su za su kore shi su naɗa wani. Sai da aka tuɓe Edward na Biyu a 1327 sannan gwamnatin da ke riƙon ƙwarya wa ɗansa ta sa hannu a yarjejeniyar Edinburgh da Northampton a 1328, wadda ta amince da 'yancin Sikotland, Sikotland kuma ta biya Ingila fam 20,000. Shekara 14 ke nan bayan yaƙin, kuma Bruce ya rasu a watan Yuni 1329, ya bar ɗa mai shekara biyar a kan gado.

Mutanen Ingila sun ɗauki darasinsu, sun kuma ɗauke shi da kyau. 'Ya'yan waɗanda aka ƙwace wa filaye, da Henry Beaumont wanda ya ga abin da ya faru kusa da St Ninian da idonsa, suka dawo a 1332 tare da ɗan John Balliol. A Dupplin Moor baradensu suka sauka daga dawaki suka tsaya a ƙasa, 'yan baka suka jeru a gefe biyu, suka hallaka rundunar Sikotland da ta fi su yawa nesa ba kusa ba. A shekara ta gaba Edward na Uku, ɗan Edward na Biyu, ya yi wa Berwick ƙawanya, mutanen garin suka yi alkawarin miƙa wuya idan ɗauki bai zo ba zuwa wata rana da aka yanke. Wannan karon mutanen Sikotland ne wa'adi ya ɗaure. Ranar 19 ga Yuli 1333 suka ratsa fadama suka hau tudun Halidon da masunsu, kibau na zuba a kansu, aka kashe jagoransu Archibald Douglas da hakimai da dama, washegari kuma Berwick ta buɗe ƙofa.